Muryar Mama Gawa

Mahaifiyata ta sha mutuwa a hannun ɗaliban jami'a. Sun shaƙe ta da wayar caja, sun zuba mata guba a shayi, sun turo ta daga matakalar bene, akwai ma waɗanda suka cusa ta a but ɗin mota suka manta da ita suna can suna gardama a kan haske. Duk a fim ne. Amma ni da nake wanke jan ruwan da suke kwarara mata a riga, ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Gidanmu yana jikin katangar jami'ar, ta bayan sashen da ake koyar da harkar fim. Duk ƙarshen shekara sai an raba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi gajeren fim ɗin da za a ba shi maki a kai. Kuma kusan dukansu fim ɗin kisa suke yi, irin wanda ake ɓoye mai kisan sai a ƙarshe. Na kalli da yawa saboda Mama, har na haddace su. Mai kisa dai saurayi ne dogo cikin baƙar riga. Budurwa aikinta gudu da ihu, sai ta faɗi ba tare da komai ya taɗe ta ba. In ana son dattijo, sai a shafa wa ɗan ajinsu hoda a kai, a ba shi sanda, ya zama babban ɗan sanda ko likita, ya yi ta zuba bayani kamar an kunna famfo. Tsohuwa kuwa ta gaske ake nemowa, don ita ba a buƙatar ta iya komai. Ko dai ta leƙo ta taga ta ba mutane tsoro, ko kuma a tarar da ita a ƙasa tun kafin sunan fim ɗin ya fito.

Yaran nan ba su san wadda suke kwantarwa a kan siminti ba. Mama ta yi ƙuruciyarta da tsakiyar rayuwarta a gidan rediyo, a sashen wasan kwaikwayo. Ta yi uwa, ta yi 'yar kasuwa mai masifa, ta yi malamar asibiti, har yaro ƙarami ta yi da aka rasa mai yi. Ina tuna muna yara in ta tambayi kuɗin kaya a shago, mai shagon yakan ɗaga kai ya ce, “Baiwar Allah, a ina na san muryar nan?” Sai ta yi murmushi ta karɓi canjinta. Da mahaifinmu ya rasu, da muryar nan ta ciyar da mu, ta biya mana makaranta, har na zama mai sayar da magani a kemis. Bayan ta yi ritaya gidan rediyon ya koma sabon gini, aka jibge tsofaffin kaset-kaset ɗin wasanninsu a wani sito mai yoyo. Da ta je tambaya, sai aka nuna mata tarin robobi da suka manne da juna. Ko ɗaya bai yi magana ba.

Shigarta fim kuwa da wasa ya faro. Wani ɗalibi da ke haya a layinmu ya roƙe ta ta kwanta masa na ɗan lokaci. Ta kwanta, kuma da yake a rediyo ta koyi riƙe numfashi a gaban makirufo, ko gashin idonta bai motsa ba, har yaron ya tsorata ya taɓa ta. Daga nan lambarta ta shiga yawo daga aji zuwa aji. Wata rana na leƙa wayar wata ɗaliba na ga yadda suka ajiye sunanta: Mama Gawa. Na yi ta faɗa kamar zan ari baki. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce, “Ke dai kin cika zafin kai. Gawa ai tana hutawa, ni ce ma kaɗai ake biya in yi barci.” Ta fi son hakan da zaman gida, tana jin daɗin hayaniyarsu da wayoyin da suke ja a ƙasa.

Bara muryarta ta fara dushewa. Muka ce mura ce, na kawo mata duk abin da kemis ɗinmu yake da shi na maƙogwaro. Muryar ta ci gaba da yin ƙasa, tana kauri, tana kaushi, har in an kira wayarta ta ɗauka sai a ce, “Yi haƙuri Baba, matar gidan muke nema.” Da muka je babban asibiti, likita ya zura mata ƙaramar kyamara ta hanci, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ja kujera kusa da mu. Ciwon daji ne. Za a iya ceton ranta in an yi tiyata da wuri, amma sai an cire inda muryar take fitowa gaba ɗaya. Ni na fashe da kuka. Mama ta gyara mayafinta ta yi masa godiya, kamar wadda aka gaya wa farashin atamfa.

A mota muna komawa ta ce da ni, “Rabin rayuwata murya ce ba fuska. Ragowar kuma fuska ce ba murya. Ina so su haɗu sau ɗaya kafin a yanka.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ga waya, mu shiga gida ta yi ta magana har batir ya ƙare. Ta harare ni. “Surutu na ce miki zan bari? Wasa nake so in yi. A ce akshin, in yi, a ce kat, a haska a bango mutane su zauna su kalla. Abin da na iya kenan a duniya.”

Daga ranar ta koma kamar mai neman aiki. Kullum da safe sai ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta zagaya ta ƙofar jami'a, ta zauna a kan bencin da ke gaban sashen fim. Duk rukunin da ya fito sai ta tare su. Na bi ta sau ɗaya, ban sake ba, don zuciyata ba za ta ɗauka ba. Matar da manya suke tsayawa su saurara, ita ce take riƙe hannun rigar yaron da ta yi jika da shi tana cewa, “Ɗana, ko magana ɗaya ce ku ba ni. Ko in ce wane ne a bakin ƙofa kafin a kashe ni. Ba sai kun biya ba.”

“Haba Mama,” in ji wani cikin ladabi, har da rusunawa, “ai gawa ba ta magana.”

Wani ya ce labarinsu na matasa ne. Wani ya ce in tsohuwa ta yi magana fim ɗin zai yi sanyi. Wata yarinya ta ce sai dai in Mama za ta yi dariyar mayu daga bayan labule. Ranar tiyata ta matso, Mama ta kira asibiti da kanta ta ɗage ranar. Da na ji, na rufe ta da faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce so take ta mayar da ni marainiya saboda wasan yara? Likita ma ya kira ni gefe ya ce abin yana girma, ba ya jiran kowa. Na yi kuka, na yi fushi, na daina cin abinci tare da ita. Ta ce da ni, da muryar da take fita da ƙyar, “Ki bar ni in gwada na tsawon wata guda. In ban samu ba, ki kai ni a yanka.”

Ana cikin haka wata ɗaliba ta yi sallama a gidanmu, siririya mai ƙaton tabarau. 'Yar Tabarau muka riƙa kiranta. A rukuninsu ita kaɗai ce mace, kuma ta zama darakta ne saboda an jefa ƙuri'a ta faɗa kanta. Ta durƙusa ta gaishe da Mama, ta ce ta daɗe tana kallonta a kan bencin nan, kowa yana wuce ta, shi ne tunani ya zo mata. A labarinta, ana kashe mutanen wani gidan haya ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kashe kowa sai an kira shi a waya. Mai kisan yana sa doguwar baƙar riga da abin rufe fuska. Ana zargin kowane namiji a gidan, ba wanda ya kalli tsohuwar da take zama a bakin ƙofa. A ƙarshe sai ta cire abin rufe fuskar a gaban saurayin da ya rage, ta faɗa masa maganarta, ta sha guba ta faɗi.

“Har yanzu dai sai na mutu,” in ji Mama, tana duba takardar labarin da yarinyar ta miƙa mata.

“Za ki mutu, Mama,” yarinyar ta ce, “amma sai kin gama magana.”

Daga farko na ga akwai matsala. A rukunin akwai wani da suke kira Dogo, wanda tun shekarar farko yake fitowa a mai kisa, har baƙar rigar ma tasa ce. An ba shi saurayin da ya rage, bai ji daɗi ba. A tsakar gidanmu na ji yana cewa, “Wa zai yarda tsohuwa ta kashe ƙarti? Ko gudu ba za ta iya ba. Dariya za a yi mana, kuma makinmu ne duka, ba naki ke kaɗai ba.” Sauran mazan suka riƙa gyaɗa masa kai. 'Yar Tabarau ta ce ita ce darakta. Aka bar maganar a nan.

A falonmu aka yi aikin, da rana tsaka. Suka toshe tagogi da barguna don ya yi kama da duhu, suka kashe fanka saboda ƙararta tana shiga makirufo. Zafi kamar a murhu. Wuraren gudu da tsalle Dogo ne ya sa rigar ya yi, tunda fuska a rufe take. Maganganun waya kuma aka sa Mama cikin durowar kayana, tsakanin riguna, wai sauti ya fi fita a can. Ina tsaye a waje ina jin ta. Muryar nan da ciwo ya cinye, ta san inda za ta ja ta, inda za ta sake ta, inda za ta yi shiru har tsikar jikinka ta tashi. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya kalli sauran, bakinsa a buɗe.

Sai babban wurin, inda za ta cire abin rufe fuska. An yi ta maimaitawa, ba don ita ba: wani lokaci batir, wani lokaci inuwar makirufo, wani lokaci Dogo ya kalli kyamara. Duk maimaitawa muryar tana raguwa. Can tari ya sarƙe ta, ta kare baki da hankici, da ta cire sai ga ja. Yaron da ke musu kwalliya ya ce, “Mama, har kin sa jinin? Ai ba a zo wurin ba tukuna.” Na yunƙura zan tarwatsa taron, ta ɗaga mini hannu. Ta kurɓi ruwan ɗumi, ta ce a sake.

Aka ce akshin. Ta zare abin rufe fuskar a hankali, furfurarta ta bayyana, ta ɗaga haɓa ta dubi Dogo.

“Ka san ni,” ta ce. “Kullum kana wuce ni a bakin ƙofa. Kana gaishe ni, idonka yana kan wayarka. Kun nemi mai kisa a kowane ɗaki, ba wanda ya tambaye ni ko na ga wani abu. Yau dai ka kalle ni.”

Ta ɗaga kofin ta sha, ta sulale ƙasa, ta kwanta kwanciyar da ta fi kowa iyawa. An daɗe kafin 'Yar Tabarau ta tuna ta ce kat, don kuka take yi. Da suka kwashe kayansu suka tafi, Mama ta ce da ni, “To, kira likitan naki.” Ban ƙara jin wata doguwar magana daga bakinta ba.

An yi tiyata, an ce an dace, duk da jinkirin ya sa sai da aka yanka fiye da yadda aka so. Ta dawo gida da rami a wuya wanda take rufewa da ɗan ƙyalle, da ƙaramin allo da alli. Gidan ya yi tsit. Ni da na saba da kiran sunana daga ƙuryar ɗaki, yanzu sai dai in ji ana ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. In na fita aiki hankalina yana gida, in na dawo in rasa abin da zan ce mata, don duk hirar da na fara sai in ga alli ya kasa bin ta. Abu ɗaya take yawan rubutawa: “Fim fa?” Ina kiran 'Yar Tabarau, da farko tana cewa ana tacewa, daga baya ta koma ba ta ɗauka.

Ranar da za a nuna finafinan ɗaliban, Mama ta riga ni shiri. Ta sa kwalli, ta zaɓi ƙyallen wuya da ya shiga da kayanta. A ƙofar zauren muka ci karo da 'Yar Tabarau, ta rame, ta kasa haɗa ido da mu. “Mama, an yi 'yan gyare-gyare,” ta ce. Na ja ta gefe na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ashe sun nuna wa 'yan ajinsu na gwaji, da aka zo inda tsohuwa ta cire abin rufe fuska sai wasu suka kwashe da dariya. Malaminsu ya tambaye su ko suna ganin masu kallo za su gaskata. Rukunin ya zauna, aka ɗaga hannu, ita kaɗai ta rage. “Wallahi Anti na yi iya yina,” ta ce. Sai aka fara tura mutane ciki. Mama tana gaba tana neman kujera, ba ta ji komai ba, ni kuma na rasa bakin gaya mata.

Aka ja labule, aka kashe fitilu. Finafinai biyu suka wuce, 'yan mata suka yi gudu suka faɗi. Sai namu. Abin da ya fara fitowa a bango shi ne falonmu, da Mama kwance a ƙasa, kofi a gefen hannunta. Ƙarshen fim ɗin suka yanko suka liƙa a farko. Ta zama wadda aka fara kashewa, sannan sunan fim ya fito.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na saci kallonta, tana zaune ƙyam, hannuwanta a kan jaka.

Sai waya ta yi ƙara a cikin fim ɗin, wani ya ɗauka, muryar Mama ta cika zauren. Ba su taɓa ta ba, sun san ba za su sami irinta ba. Masu cin gyaɗa suka daina, masu danna waya suka ɗaga kai. Duk sanda aka kira wani sai ka ji zauren ya ɗauke numfashi. Ni kuwa rabona da jin muryar nan tun kafin tiyata, hawaye kawai nake yi, na rasa na murna ne ko na baƙin ciki.

Aka zo ƙarshe. Mai baƙar riga ya tsaya, ya kai hannu ya zare abin rufe fuska, sai ga fuskar Dogo. Sun sake ɗauka bayan an kwantar da ita a asibiti, sun ba wani yaro matsayin saurayin da ya rage. Dogo ya buɗe baki, muryar mahaifiyata ta fito daga ciki: “Ka san ni.” Wata yarinya a bayanmu ta ce da ƙawarta, “Kai, ashe Dogo yana da murya haka!”

Na miƙe. Wallahi niyyata in isa gaba in fizge wayar na'urar, in gaya wa zauren nan kaf muryar wace ce, da abin da aka biya kafin a same ta. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta jawo ni na koma na zauna, na juyo zan yi mata magana.

Ba bango take kallo ba, ni take kallo. Ta ɗaga haɓa kamar ranar nan a falo, hasken fim ɗin yana kan fuskarta, leɓunanta suna motsi daidai da abin da yake fitowa daga lasifika. “Kullum kana wuce ni a bakin ƙofa.” Inda muryar ta ja, ta ja. Inda ta yi shiru, ta rufe baki ta ƙanƙance ido, ɗan ƙyallen wuyanta yana ɗagawa yana sauka. “Yau dai ka kalle ni.”

Zauren cike yake maƙil, kowa idonsa yana kan Dogo, har an fara tafi. Ni kaɗai na kalle ta, kuma har ta kai ƙarshe ba ta saɓa ko kalma ɗaya ba.